Faifan Inna na nan tafe

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina Inna da ƙarfin jiki, ina mutanen gida, ya zafin Argungu? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da har yanzu bai sake mu ba.

Saƙon da ka daɗe kana yi mini gori a kansa ya kammala. Faifan DVD uku ne na bidiyon gida da na haɗa wa Inna, na ba wani mutumin Jega da muke salla a masallaci ɗaya. Zai sauka Abuja ƙarshen wata, ya ce ƙanensa zai kawo maka har ƙofar gida. Na san abin da za ka ce: mutum yana zaune Amurka, amma faifai ya ci masa wata huɗu. To saurara ka ji.

Da a gida ne, aikin wuni ɗaya ne. Ka ɗauki memori ka kai wa yaron nan mai bidiyo na bakin kasuwa da hantsi, ka ce ga abin da kake so, ka tafi harkarka, bayan la'asar ka dawo ka tarar ya buga, har ya manna hoton ango da amarya a bayan kwali. Nan kuwa na yi mako biyu ina neman irinsa ban samu ba. Sana'ar ta mutu. Kamfanin Netflix, wanda da aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya ya fara, ya rufe wannan ɓangaren a Satumbar 2023. Kantin Best Buy, da yake babba ne a harkar kayan lantarki, ya daina sayar da finafinan faifai a farkon 2024. Laftof ɗin da nake aiki da ita ma ba ta da aljihun saka faifai, sai da na sayi na ratayawa, wanda ake jonawa da waya, dala 25. Yaron kantin da ya miƙo mini shi ya tambaye ni ko wata tsohuwa zan yi wa aiki. Na so in ji haushi, sai na tuna gaskiya ya faɗa.

Akwai kantunan wankin hoto da ke karɓar tsofaffin kaset su mayar faifai, amma ba a nan suke aikin ba. Takarda za ka cike, su sa kayanka a kwali su aika wata jiha, ka jira makonni. Kowane kaset da kuɗinsa, ba ciniki, ba ragi, ba wanda za ka zauna kusa da shi ka ce masa yanke nan, bar can. Na ga wanda aka yi wa wani maƙwabcina. Aikin tsaf, hoto garau, amma allon zaɓin, wato menu, inji ne ya yanka shi: bayan kowane 'yan mintoci ya ɗauki hoto ɗaya ya jera. Wani gurbin ƙeyar mutum ce, wani bango, wani ƙafar kujera. Injin bai san uwar ango ba, bai san wanda ya rasu ba.

Kaset ɗin Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya fi ba ni wahala. Ka tuna na ɗauko shi daga akwatin Inna zuwana na ƙarshe, wanda aka ɗauka ranar ɗaurin aurenka, da ɗan guntun da ke ƙarshe inda yake tsaye bakin kogin Matan Fada da babbar riga. Na sa shi a bidiyon wani abokina, sai layuka ke ta gudu, murya kamar ta aljanu. Gabana ya faɗi, na ɗauka ya lalace. Ashe tsarin talabijin ne ya bambanta. Mu a Najeriya PAL muke amfani da shi, irin na Ingila, hoto 25 a daƙiƙa. Amurka NTSC ne, kusan hoto 30 a daƙiƙa, layukan allon ma ba ɗaya ba. Bidiyon nan ƙasar bai san yaren kaset ɗinmu ba sam.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne, Bahaushen zangon Kumasi, mai ɗan shagon gyaran waya. A bayan shagon yana da tsofaffin bidiyo masu cin kowane tsari, yana lallaɓa su kamar ƙwai, don tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ya rage yana ƙera su, ya daina. Ya buɗe kaset ɗin ya nuna mini farin fumfuna a gefen zaren, ya ce damina ce ta shekara da shekaru. Ya goge a hankali, ya juye mini shi cikin kwamfuta, muna shan shayi yana tambayata wane ne wannan, wace ce waccan. Da na ce nawa, ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa. Ka ga duk faɗin ƙasar nan, aikin bai yiwu ba sai da na samu mai yin sa irin na gida.

Kada ka ce kushe kawai na iya. Abu ɗaya ya burge ni ƙwarai. A babban ɗakin karatu na birnin Washinton akwai sashen da suka ware don irin wannan, suna ce masa Memory Lab. Da katin ɗakin karatu za ka nemi lokaci, a nuna maka yadda na'urorin ke aiki, ka zauna ka juye tsofaffin hotuna da kaset da hannunka, ba ko sisi. Can na kai hotunan Baba marasa kala, da na Inna tana amarya, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune ina tunanin gidan tarihi na Kanta. Da za a sa tebur ɗaya da na'ura biyu a wani lungu nasa, kaset nawa ne a ɗakunan Argungu da za a ceto kafin fumfuna ta gama da su?

Sauran aikin ni na yi da kaina, da dare bayan na taso aiki, da wata manhaja ta kyauta mai suna DVDStyler. Da can Windows 7 na zuwa da tata manhajar haɗa faifai, amma daga Windows 8 suka cire. A nan na fahimci abin da yaron bakin kasuwa ke karɓar kuɗi a kansa. Ba kwafe bidiyo ake yi a zuba a faifai kamar yadda masu tura finafinai ke zubawa a memori ba. Sai manhajar ta sāke wa kowane bidiyo tsari zuwa MPEG-2, ta jera su cikin wata jaka mai suna VIDEO_TS, sannan na'urar DVD ta gane. Faifai ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, wajen awa biyu ke nan in ana son hoto mai kyau. In ka matsa masa awa huɗu zai karɓa, amma fuskoki za su dagule. Shi ya sa suka zama uku.

Menu ɗin kuwa sau uku ina rushe shi. Na farko na yi shi da rubutu, na jera: Ɗaurin aure, Suna, Sallah, Kamun kifi. Na yi ta jin daɗin kaina. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, wa zai karanta wa Inna? Shiru na yi. Na manta gaba ɗaya dalilin yin faifan. Ai ba don ku ba ne, ku kuna da waya. Don Inna ne, da duk bidiyon da na turo sai ta jira wani jika ya dawo makaranta ya buɗe mata, ya riƙe mata wayar minti biyu ya ce caji ya ƙare. Na so ta samu abin da za ta kunna da kanta, a ɗakinta, lokacin da ta ga dama, ba ta roƙi kowa ba.

Sai na cire rubutun duka, na sa fuskoki. Faifan farko gurbi huɗu ne manya. Fuskar Baba: in ta danna, ɗaurin aurenka ne da Matan Fada. Fuskar takwararta, wato 'yata: sunan da aka yi nan, da ranar da ta fara tafiya. Fuskar Auta da lalle: bikinta. Na huɗu giwan ruwa ne a kafaɗar masunci, wato bidiyon da ka ɗauka a bikin kamun kifi na Maris 2020, wanda aka dawo da shi bayan wajen shekara goma ba a yi ba. Duk gurbin da rimot ya tsaya a kai, rawayen zobe mai kauri zai kewaye shi, don na farko da na yi siriri ne, na san idonta ba zai kama ba. Kibiya da maɓallin tsakiya kawai take buƙata. In bidiyo ya ƙare, da kansa zai komo kan fuskokin.

Karo na uku kuma saboda talabijin ɗinta ne. Na tuna tsohon nan ne mai ƙaton baya, irinsu suna cinye gefen hoto, ga allonsu kusan murabba'i, ba mai faɗi irin na yanzu ba. Na janyo komai zuwa tsakiya. Sautin da ke tashi in menu ya buɗe ma na yi ta sauyawa. Masu bidiyon gida waƙa suke sawa, da furanni na faɗowa, da lambar wayarsu tana gudu a ƙasan allo tun daga fatiha har watsewar taro. Ni muryar takwararta na sa tana gaishe ta, daƙiƙa 20, tana maimaituwa. In ta ishe ku ku rage murya, na san Inna ba za ta rage ba.

A cikin bikin Auta na yanka babi-babi: kamu, sa lalle, wuni, kai amarya. Maɓallin tsallakewa zai kai ta kowanne. Wajen kai amarya na bar shi yadda yake, ban yanke kukan ba.

Ga ƙorafina a kanku. Yawancin abin da kuka turo ta WhatsApp ne, shi kuwa matse bidiyo yake yi don kada ya ci data. A waya ba a gani, a talabijin sai fuska ta zama kamar an shafa mata kunu. Sannan kowa a tsaye yake riƙe waya. Bidiyon kamun kifinka, lokacin da aka harba bindiga dubban masunta suka ruga cikin ruwa da gora da homa, wurin da ake son faɗi, ya fito siriri a tsakiya da baƙin bango dama da hagu. Don Allah in za a ɗauki abin tarihi a kwantar da wayar.

Hotuna ma ka sani faifan bidiyo rage su yake yi. Hoton waya mai megafiksel 12 in ya shiga, ɗigo 720 a 576 yake komawa, bai kai rabin megafiksel ba. Ya isa kallo, bai isa wanki ba. Don haka na haɗo da filash ɗaya mai ɗauke da asalin komai. Wannan naka ne, ka adana, kada ya shiga hannun yara a goge a zuba wasan ƙwallo.

Wajen kaya kuwa, kowa da inda ya fi. Faifan da ba a buga ba na nan ya fi wanda muke saya a gida, na ɗauki Verbatim, cikin goma ko ɗaya bai ƙi ba. Ga wuta ba ta ɗaukewa, ka san in NEPA ta yi halinta ana tsakiyar bugu, faifan ya tashi aiki. Amma na'urar kallo taku ta fi. 'Yar Chinan da ke ɗakin Inna ba ta da zaɓe, PAL ko NTSC, sidi ko DVD, duk haɗiyewa take. Ta nan ƙasar kuwa da yawansu in ka sa faifan PAL sai su yi kunnen uwar shegu, ga kuma kullen yanki da kamfanonin fim ke sawa, Amurka yanki na 1, mu na 5. Wanda mutum ya buga a gida ba shi da wannan kulle, kada wani ya ruɗe ka. Na buga su a PAL, shi ya sa a kwamfuta kawai na iya gwada su, da manhajar kallon bidiyo ta VLC. Na so in aiko da sabuwar na'ura, sai na tuna wutar nan 120 ce, tamu 230, ranar farko za ta yi hayaƙi.

Abokan aikina suna mamakin wai har yanzu faifai, me ya hana in zuba a intanet in turo adireshi. Na ba su labarin Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara, 'yan'uwan mai ɗakina na Gusau suka yi makonni ko gaisuwa ba a ji daga gare su. Na ce musu faifai ba ya tambayar sabis, ba ya cin data, wuta kawai yake so ko ƙaramin janareta.

Sai dai ba ya son rana. Cikinsa wani rini ne mai ruwan shuni, zafi da haske na cinye shi, ga bazarar Kabi da ke haura digiri 40. Kada a bar su kan talabijin ko bakin taga, kada a manna musu takarda, a riƙa kama su ta gefe, a mayar cikin kwali in an gama. Kowanne na yi shi biyu-biyu, kwafin na wurina.

In sun iso, ka zauna da ita karon farko, amma kada ka karɓi rimot ɗin. Ka nuna mata kibiya da maɓallin tsakiya ka bar ta. Ka fara sanar da ita cewa Baba na ciki, yana magana, yana dariya, kada ta gan shi kwatsam. Sannan ka leƙa wurin yaron da ya ɗauki bikin Auta ka tambaye shi ko asalin bidiyon na nan a kwamfutarsa, in yana nan ka biya shi ya zuba maka a filash ɗin, don wanda na yi aiki da shi lambar wayarsa na gudu a kan fuskar Inna. Ka kuma duba rimot ɗin tun yanzu, zuwana na ƙarshe da ƙyauro aka ɗaure murfin batirinsa.

A gaida Inna da kyau, a ce mata takwararta ta iya cewa Argungu. Ƙanenka ne.