Kasuwar katunan 'yan wasa a Amurka: lambar da ke kan roba ake saya

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ya jikin Inna? Ka ce in riƙa ba ka labarin kasuwancin mutanen nan, to ga wanda ya ɗaure mini kai.

Wani dattijon Bature da muke aiki tare a sito ne ya ja ni wata 'yar kasuwa ranar Asabar, nan Kolumbus ta jihar Ohayo. Tebur bayan tebur, ba komai sai katunan 'yan wasa, irin hotunan da muke tsinta cikin cingam muna yara. Masu tsadar duk an rufe su ruf cikin gidan roba mai tauri, an manna lamba daga 1 zuwa 10 a sama. Na lura mai saye lambar yake fara duba, sannan ya kalli fuskar ɗan wasan.

Kamfanoni ne ke ba da makin. Babbansu PSA, da aka kafa a Kalifoniya a 1991, sai SGC da Beckett. Za ka aika kati ta gidan waya, ka biya, kuma kuɗin aikin yana hawa ne gwargwadon darajar katin. Su duba kusurwoyi huɗu, da gefe, da fuska, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Kada ka ɗauka wasan yara ne: a 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle na 1952, wani gwanin besbol, kan dala miliyan 12.6, SGC ta ba shi 9.5. Na Pele na 1958 ma ya haura dala miliyan ɗaya a shekarar.

Wajen gano jabu, gaskiya sun iya aikinsu. Sun san takardar kowane zamani da irin tawadarsa, abin da ni da kai ba za mu gane ba ko mun kwana muna kallo. Inda gizo ke saƙa shi ne makin kansa. Dattijon nan ya ciro wani kati na shekarun 1960 ya miƙo mini da gilashin ƙara girma, ya ce in duba kusurwar hagu ta ƙasa. Da ƙyar na hango ɗan fari-fari kamar ƙwayar gero. Ya ce saboda ita wani kamfani ya ba shi 6. Ya sa filaya ya fasa robar, ya sake aika musu katin kamar sabo, ya dawo da 7. Kati ɗaya, kamfani ɗaya. Na ce wannan ba ha'inci ba ne? Ya yi dariya ya ce kowa haka yake yi, mai dubawar ma mutum ne, wata rana ya tashi da ƙafar dama.

Shi ya ba ni labarin da duk ɗan kasuwar nan ya sani. Katin farko da PSA ta taɓa ba maki na Honus Wagner ne, wani tsohon ɗan wasan besbol, cikin waɗanda ake sakawa a kwalin taba tsakanin 1909 da 1911. An ba shi 8. Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, da abokin hulɗarsa sun saye shi dala 451,000 a 1991, a 2007 ya kai miliyan 2.8. Sai a 2013 wani babban dillali, Bill Mastro, ya amsa a kotu cewa shi ya datse gefen katin tun da farko don ya yi kyau. Daga baya aka ɗaure shi wata 20 kan zamba a harkar gwanjo. Tsofaffin katuna tun daga ma'aikata ba a yanka su daidai wa daida ba, shi ya sa mai wayo zai aske siririn gefe awo bai tona shi ba.

Na tuna yadda kake sayen bijimi a kasuwar Wudil. Dillali zai buɗe bakinsa ya nuna maka haƙora, in ya cuce ka kuma ka san rumfarsa, ka san Sarkin Kasuwa. A nan ba za ka taɓa sanin wanda ya duba katinka ba, yawanci kuma lamba kawai za ka gani, ba dalili. Amma kuma robar nan ce ta sa mutumin Tekzas ke tura dubban daloli ga wanda bai taɓa gani ba, kaya su iso yadda aka faɗa. Wannan kam sun fi mu, ko da yake ita kanta robar an fara buga jabunta, sai ka duba lambar rajistarta a intanet.

Ban fito hannu rabbana ba. Na sayi katin Hakeem Olajuwon, ɗan Legas ɗin nan da ya ci kofin kwando da Houston a 1994 da 1995. Na zamaninsa an buga su da yawa, don haka kuɗinsa bai fi na abincin rana ba. Zan ba Alhaji ya taho wa autanka da shi, ka ce masa kada ya fasa robar.