Furannin Ogawa Kazumasa a bangon ɗaki

Cikin tsofaffin hotunan da ake sake bugawa domin ƙawata gida, kaɗan ne suka kai furannin Ogawa Kazumasa kwantar da hankali. Wannan ɗan Japan, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1929, ya ƙaro ilimin ɗaukar hoto a Amurka, sannan ya koma Tokyo inda ya fitar da su wajajen 1896, zamanin da sai an ɗauki hoto tukuna ake sa masa launi.

Cikinsu, hoton furen bado ya fi burge ni. Babu wani tarkace a bayan furen, kuma ruwan hodar da ke bakinsa yana dusashewa sannu a hankali har ya koma fari, ta yadda ido ba ya gajiya da kallonsa.

Sai dai ingancin bugu ya bambanta ƙwarai, domin wasu masu sayarwa suna ƙara wa launin ƙarfi har hoton ya koma kamar kalanda. Gara a nemi takarda mai kauri marar sheƙi, a sa siririn firam na katako, a rataye inda rana ba ta bugawa kai tsaye.