Man sage da na saya domin humra: ba shi na yi oda ba

Kwalbar man sage, wato man ƙamshi da ake tacewa daga wani tsiro, mai mililita 30 da ake ta tallata wa masu haɗa humra da turaren wuta ta iso hannuna a kan lokaci, amma tun daga buɗe murfin na gane cewa ba abin da na biya kuɗinsa aka aiko mini ba. Abin da na nema shi ne man nau'in sage da ake kira Salvia sclarea, wanda ake nomawa a kudancin Faransa da Rasha da Bulgeriya. Ƙamshinsa mai laushi ne, yana da ɗan zaƙi da alamar busasshiyar ciyawa, domin fiye da rabinsa sinadarin linalyl acetate ne, wanda shi ne kuma yake ba man lavender daɗinsa. Daga wannan tsiron ake ciro sinadarin sclareol, wanda tun shekarun 1950 masu turare suke sarrafa shi ya zama madadin ambar na teku, kuma wannan ɗumin nasa ne ya sa nake son shi a humrar amare.

Wanda ya zo kuwa wani nau'in ne daban, Salvia officinalis, na yankin Kuroshiya da Albaniya, mai cike da kafur da sinadarin thujone. Na ɗebi kaɗan daga haɗin da na riga na jiƙa, wanda ya sha soyayyen farce da sandal da miski, na ɗiga masa ɗigo biyu domin gwaji. Kafin in rufe kwalbar ya danne komai, sandal ya ɓace, miski ya ɓace, abin da ya rage sai wani kaifi mai shiga hanci kamar man zafin da ake shafa wa mai mura. Humrar ta wata amarya ce da bikinta ya matso, babu sauran lokacin yin sabuwar oda, dole na kammala ta ba tare da shi ba, kuma har yau ina jin ta fita da giɓi ko da uwar amaryar ta yaba.

Da na kira mai shagon na yi masa bayani, amsar da ya ba ni ta fi kayan ɓata mini rai. Cewa ya yi, “Hajiya, ai duk abu ɗaya ne, kowa haka yake saya.” Na ce masa, “Malam, ka duba takardar jikin kwalbarka, babu cikakken sunan tsiron, babu ƙasar da ya fito, babu ranar da aka tace shi.” Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, domin man da yake ɗauke da thujone ana gargaɗin masu juna biyu da masu farfaɗiya su nisance shi, alhali yawancin masu sayen humrata mata ne.

Duk da haka ba zan zalunci man ba, shi kansa mai kyau ne. Na ɗiga shi a farar takarda ya bushe bai bar da'irar maiƙo ba, alamar ba a sirka shi da man girki ba. Daga baya na gwada shi a turaren maza, ɗigo ɗaya tak a cikin man jema da sandal da ɗan man ɓawon lemo, na ajiye ya kwanta. Sai ga shi kaifin ya risina, ya koma wani sanyi mai tsabta da ya dace da shaddar da ta sha guga, har maigidana ya ƙwace kwalbar gwajin. A garwashi dai bai yi ba, hayaƙinsa ɗaci yake yi.

Sai dai ko a nan ƙorafin bai ƙare ba. An zuba shi a kwalba mai haske maimakon mai duhu, ga murfin yana yoyo har ya cinye rubutun takardar, kuma haske da iska suna saurin lalata irin wannan man. Masu haɗa turaren maza za su iya saye su juye a kwalbarsu. Ni kam ba zan koma shagon ba, tunda har yanzu hoton furen sclarea ne a kan tallar tasa.