Kayan gano yoyon ruwa a motar gida: wanne ya ci kuɗinsa, wanne ne ado

Motar gida, wato motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki wadda ake yawo da ita a Amurka da Turai, bututun ruwanta yana bi ne ta bayan kabad, ta ƙarƙashin gado da ƙasan shawa, wuraren da hannu ma da ƙyar yake shiga, balle ido. Ga girgizar hanya kullum tana sassauta mahaɗai, ga hunturu: ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma hakan ya isa ya tsaga bawul na roba. Daɓen motar katako ne, bangon kuma fallen katako ne da soso da aka manne. Ɗigon da ba zai cika kofi ba a yini yana iya ruɓar da daɓe a cikin watanni, sai dai a ji wari ko a taka wuri ya lotsa.

Kaya huɗu na yi aiki da su a kan irin wannan yoyo: toshin iska mai geji (agogon auna matsi), na'urar auna danshi, kyamarar zafi ta waya, da kayan haɗa bututu iri biyu. Wanda ya fi duka arha shi ne ya fi duka aiki.

Kafin a kashe ko sisi, injin ruwan motar, wanda ke tura ruwa daga tanki zuwa famfo, shi ma ɗan rahoto ne. Irin wanda aka fi samu a motocin Amurka, kamar Shurflo 4008, yana tura galan 3 a minti, yana kuma kashe kansa idan matsi ya kai psi 55 (psi ma'aunin matsi ne, irin na iskar taya). A zuba ruwa a tanki, a kunna injin, a buɗe kowane famfo har iska ta gama fita, sannan a rufe duka a saurara. Idan ya yi shiru ya ci gaba da shiru, ɓangaren ruwa mai matsi lafiya lau yake. Idan kuwa yana ɗan yin gurnani na daƙiƙa ɗaya ko biyu duk bayan 'yan mintoci, matsi na gudu ta wani wuri. Motar da aka sa wa ƙaramin tankin ajiyar matsi takan jinkirta wannan alama sosai, don haka a ba ta awa guda. Wasu motocin Turai kuma injinsu a nutse yake cikin tanki, makunninsa na jikin famfo, babu matsi a bututu sai an buɗe. A can wannan gwajin ba shi da amfani.

Toshin iska ɗan ƙarfe ne ko roba mai zare irin na tiyon lambu, inci uku bisa huɗu, a ɗaya gefen kuma yana da baki irin na tayar mota. Asali don hure ruwa daga bututu kafin hunturu ake sayar da shi, kamfanoni irin su Camco na yin sa, kuɗinsa 'yan daloli ne. Idan aka haɗa shi da geji, ya zama kayan bincike. Na tagulla za a saya. Zaren na roba yana saurin cinyewa.

Ga yadda ake yi. A kashe hitar ruwa, gas da lantarki duka, a bari ta huce, domin sandar lantarkinta ƙonewa take yi nan take idan ta kama babu ruwa. A kashe injin ruwa, a buɗe bawul-bawul na zubar da ruwa da ke ƙasan mota, ja da shuɗi, a tsiyaye. A rufe su, a rufe kowane famfo har da shawar waje, a juya bawul ɗin kewaye hita yadda iska ba za ta shiga tankinta ba. A ɗaura toshin a bakin da ake jona tiyon ruwan sansani (wurin da irin waɗannan motoci ke yada zango), a ba shi iska zuwa psi 40. Famfon keke ma yana yi. Mai amfani da kwamfiresa ya saita ta tun kafin ya jona, don irin ta gareji takan haura psi 100. A motocin Turai masu siririn bututu na milimita 12, kada a wuce matsin da aka rubuta a jikin injin motar.

Minti biyar na farko ba a lissafa su. Iskar da aka matse tana hucewa, bututun PEX, wato na roba mai lanƙwasuwa, kuma yana ɗan buɗewa, sai allura ta sauka da psi ɗaya ko biyu ba tare da wani yoyo ba. A ƙara iska zuwa 40, a yi alama a gilashin geji, a jira rabin awa. Allura ta tsaya, babu yoyo a nan. Tana sauka a hankali, akwai.

Wurare biyu ne gejin ke iya yaudarar mutum, kuma takardar da ke zuwa da kayan ba ta faɗa. Bakin shigar ruwan yana da bawul mai hana komowa. Gejin da ke waje da shi, idan robar toshin kansa ce ke shan iska, zai nuna faɗuwa alhali cikin motar ƙalau. Saboda haka a fara shafa wa toshin da gejin ruwan sabulu, ko kuma a ɗaura gejin daga ciki, a bakin tiyon shawa, wanda shi na fi so. Na biyu shi ne bawul ɗin da ke cikin injin ruwa. Ƙwayar yashi guda ta isa ta hana shi rufewa, sai matsi ya riƙa komawa tanki, a yi ta haska tocila babu ko ɗigo a ƙasa. Alamarsa ita ce tankin ruwa yana cika da kansa idan an jona tiyo, ko a ji ɓulɓul a cikinsa lokacin gwajin iska. A cire bututun da ke fita daga injin a toshe shi, a sake gwaji. Idan allura ta tsaya, ba a buƙatar ɓalle bango ko ɗaya.

Daga nan sai rarraba. A buɗe hanyar hita a sake gwadawa: idan sai yanzu allura ta fara sauka, laifin na bayan hita ne, galibi ɗan bawul ɗin roba da ke bakin fitar ruwan zafi ko toshin zubarwa. A cire bututun masai a toshe, a sake. Bawul ɗin bayan masai yana riƙe ɗan ruwa ko an tsiyaye motar, shi ya sa shi ne farkon fashewa bayan sanyi. Akwatin shawar waje shi ma haka, bayansa na cikin bango. Kowace mahaɗa da hannu ya kai a fesa mata ruwan sabulu, kamar yadda mai faci ke neman hujin tayar, a jira kumfa. Iska tana fita ta tsagar da ruwa ke ɗiga da ƙyar, kuma a cikin mota shiru ana jin tsuwarta ta bayan katako. A nan ne ta fi gwajin ruwa nesa ba kusa ba, ga shi ba ta ƙara jiƙa daɓen da ya riga ya sha.

Akwai yoyon da iska ba ta kamawa, wanda sai ruwa ya yi zafi yake fitowa. Ruwan da ke cikin hita yana kumbura, bututu a rufe yake gaba da baya, sai matsi ya haura har bawul ɗin kariya, mai buɗewa a psi 150, ya fara ɗiga, ko wata mahaɗa mai rauni ta yi gumi. Wannan sai a mayar da ruwa, a kunna hita, a naɗa wa kowace mahaɗa shuɗiyar takardar goge hannu ta gareji, wadda ke yin duhu da ɗigo guda. A fara dubawa daga mahaɗar da ta fi tsayi, don ruwa yana bin jikin bututu ya je ya ɗiga a wani wuri dabam, mita ɗaya ko biyu daga inda ya fito, musamman idan motar ba a daidai take tsaye ba.

Idan duk wannan ya wuce lafiya amma ƙasa na jiƙewa, to ba ruwan matsi ba ne. Ko magudana ce, ko ruwan sama. Magudana baƙin bututu ne na inci ɗaya da rabi mai notin roba da ake ɗaurewa da hannu, kuma girgiza na kwance su. A toshe kwamin wanke-wanke, a cika shi, a ɗiga kalar abinci, a sake shi gaba ɗaya. A shawa kuwa sai mutum ya tsaya a ciki yayin gwajin, domin ƙasanta na lanƙwasawa da nauyi, kuma a lokacin ne bakin magudanar ke buɗewa.

Na'urar auna danshi ita ce ta biyu a daraja, amma da sharaɗi. Iri biyu ce: mai allurai biyu da ake cakawa, da wadda ake ɗorawa kawai. Marar allurar da na yi aiki da ita, mai arha ce, tana ihu a busasshen bango duk inda ƙashin alminiyam ko wayar lantarki ya bi ta ciki. Mai bin ta ido rufe zai ɓalle bango mai lafiya. Amfaninta shi ne kwatance: a auna wurin da aka tabbata a bushe yake mai irin ginin, sannan a bi daɓe taki-taki ana alama da tef inda lamba ta tashi, har taswirar jiƙon ta fito. Mai allura ita ke ba da lambar da za a dogara da ita a katako. Masu duba irin waɗannan motoci a Ingila suna ɗaukar ƙasa da kashi 15 a matsayin lafiya, 15 zuwa 20 a sa ido, sama da 20 a nemi dalili, sama da 30 kuwa mai yiwuwa katakon ya fara lalacewa. A caka ta a cikin kabad ko ƙarƙashin kujera, inda hujin ba zai ɓata ado ba.

Kyamarar zafi da ake maƙalawa a waya tana da daɗin kallo. Zafi da sanyi take gani, ba ruwa ba, don haka ƙarfe mai sanyi da katako mai danshi duk kala ɗaya suke fitowa. Inda ta burge ni shi ne idan aka saki ruwan zafi na minti biyu: hanyar jan bututu tana fitowa a bango sarai, a san inda za a yanka da inda ba za a taɓa ba. Kuɗinta ya ninka na sauran kayan a haɗe. Mai gareji ya saya. Mai mota guda ya ara.

Sai gyara. Motocin Amurka na yanzu PEX ne mai rabin inci, kuma PEX ba ya karɓar gam. Silikon, tef mai manne kansa, ƙullun gam, duk ɗaurin talala ne da zai kai mutum gari na gaba, ba abin rufe bango a kai ba. Wurin da ya lalace yanke shi ake yi da almakashin bututu, yanka a miƙe, ba da zarto ba.

Filayar matse zoben ƙarfe ita na fi yarda da ita. Guda ɗaya tana yi wa bututu daga uku bisa takwas har inci ɗaya, kuma ba ta sakin kunnen zoben sai ya matsu har ƙarshe, saboda haka babu matsin rabi da rabi. A zura zoben, a tura mahaɗar har ta zauna, a bar milimita 3 zuwa 6 tsakanin zobe da bakin bututu, a matse. Aibinta hannuwanta na buƙatar fili, kuma bayan hita babu fili. Dabarar ita ce a harhaɗa gwiwa da guntayen bututu a waje, a bar matsi na ƙarshe ya faɗo inda filaya ke shiga, ko da hakan na nufin yanke ƙarin taƙi guda na bututu mai lafiya.

Mahaɗan da ake tura bututu kawai a ciki, irin su SharkBite a Amurka da John Guest a Turai, ba sa buƙatar filaya, shi ne daɗinsu. A na rabin inci, bututu zai shiga kusan milimita 24. A auna a yi alama da biro, don wanda bai kai ƙarshe ba yakan riƙe a gareji ya saki a hanya. Robar ciki a bayan bututun take kamawa, ke nan ƙarzuwa guda a jikinsa ta isa yoyo. Sun fi zobe tsada sau da yawa, sun fi kauri, kuma ba sa son a ja su gefe, sai an ɗaure bututun da kilif kusa da su. Biyu a durowa don ranar tsautsayi, wannan daidai ne. Cikin bangon da za a rufe kuwa, zobe nake sa wa.

Abu biyu na ba sabon hannu mamaki. Wasu masu ƙera motocin suna matse tiyo mai laushi, mai zaren saƙa a ciki, a kan mahaɗar PEX da zoben PEX. Faɗin cikinsu ba ɗaya ba ne, sai ya yi ta gumi bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma sake matse shi ba ya magani. A maye gurbinsa da PEX, ko a sa mahaɗar da aka yi don tiyo. Kusa da inji ne kawai ake barin tiyo, saboda yana shanye girgiza. Na biyu, tsofaffin motoci na kafin tsakiyar shekarun 1990 da yawa suna da bututu ruwan toka na polibutilin, wanda kaurinsa ya bambanta da PEX. Yana buƙatar mahaɗar sauyi ta musamman, ko irin ta Flair-It mai noti, wadda ke kama duka biyun.

Notin da ke bayan famfo da bakin inji roba ce mai siffar mazurari ke rufe shi, ba zare ba. Farin tef a nan ɓata lokaci ne; a canza robar, a ɗaure da hannu, a ƙara kwatan zagaye da sifana. Wanda ya ƙara fiye da haka zai ji ƙas, notin ya tsage. Tef na zaren da ke tsukewa ne, kamar toshin hita, zagaye uku ta hanyar da ake ɗaurewa.

Bayan gyara a maimaita gwajin iska, sannan na ruwan zafi, kuma kada a yi gaggawar rufe wurin. A sa fanka ta yi ta hurawa har mai allura ta nuna ƙasa da 15, abin da kan ɗauki kwanaki. Idan motar na da rufin roba a ƙarƙashinta, a kwance gefe guda a zubar da ruwan da ya taru, a fitar da audugar rufi da ta jiƙe, don ba ta bushewa a ciki. Allon da aka ɓalle a mayar da shi da sukurori maimakon ƙusa, sannan a sa na'urar rage matsi mai psi 40 zuwa 50 a bakin famfon sansani, gaban tiyo, tunda ruwan wasu sansanonin yana zuwa da ƙarfin da mahaɗan roba ba za su jure ba.