Kafin ka kashe kuɗi wajen neman salsalar iyalan da suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka

Iyalin da ya kafa gida a Oregon ko Nebraska a ƙarni na 19 da wuya ka ga ya taso daga bakin teku ya wuce can kai tsaye. Kaka ya bar Virginia ya sauka Kentucky, ɗansa ya yi shekara goma a Missouri, jika ne ya ɗaura wa shanu keke ya bi ayari. Duk inda suka yada zango sun bar takarda a wata gunduma daban, kuma waɗannan takardu su ne abin da kamfanonin intanet ke sayar maka da izinin gani. Saboda haka idan surukanka Amurkawa ne kana son 'ya'yanka su san dangin uwarsu, ko kai ɗalibin tarihi ne, tambayar da za ka yi wa kowane shafi ita ce: zai kai ni ga hoton ainihin takardar, kuma zan iya riƙe ta bayan na daina biya?

Ni dai FamilySearch nake sa kowa ya fara da shi, kuma da yawa a nan za su gama bukatarsu. Kyauta ne, rajista kawai za ka yi. Cocin Momon da ke da hedikwata a Salt Lake City ne ke tafiyar da shi, kuma tun 1894 suke wannan aiki. Sun shekara da shekaru suna bin kotunan gundumomi suna ɗaukar hoton littattafan aure, na wasiyya, na rabon gado, na haraji da na cinikin filaye, suna adanawa a wani rumbu da aka haƙa cikin dutse a jihar Utah. A 2021 suka sanar cewa sun gama mayar da naɗin fim kusan miliyan 2.4 zuwa hotunan kwamfuta. Ya kamata ka san dalilinsu na addini ne, yana da alaƙa da aƙidarsu ta yi wa matattu baftisma, don haka ka yi tunani kafin ka loda sunayen naka iyayen. Karanta takardun da ke ciki kuwa ba ya wajabta maka loda komai.

Yawancin mutane suna rubuta suna a akwatin bincike, in bai fito ba su ce babu. Alhali dukiyar tana cikin kundin da aka jera bisa wuri. Ka zaɓi jiha, ka zaɓi gunduma, sai ga jerin littattafan da aka ɗauka a can, da yawansu ba a taɓa fitar da sunayen da ke ciki ba. Sai ka buɗe ka bi shafi-shafi da rubutun magatakardan kotu na wancan zamani. Akwai gajiya, amma a irin nan ne za ka tarar da takardar da magada suka sayar da gonar ubansu a Kentucky, an rubuta cewa ɗaya yana zaune a Missouri yanzu, wata kuma ta yi aure ga sunan mijinta. Layi ɗaya irin wannan ya haɗa maka jihohi biyu. Tun 2024 kuma suka fito da na'urar da ke karanta rubutun hannu tana nemo suna a cikin irin waɗannan littattafai, abin da ya rage wahala ƙwarai. Wasu hotunan ba sa buɗewa daga gida saboda yarjejeniya da masu takardun, sai ka je ɗaya daga cikin cibiyoyinsu, kuma akwai su har a Najeriya da Ghana. Aibinsa babba shi ne bishiyar zuriyar da ke shafin guda ɗaya ce ta kowa da kowa, wani zai iya shiga da dare ya sauya wa kakan matarka uba. Ka ajiye naka aikin a kwamfutarka.

Takardun ƙidaya su ne ƙashin bayan aikin, kuma suna nan kyauta. Daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida adadi ne. A 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa tare da jihar da aka haife shi, to sai ka dubi yaran: babba Ohio, na tsakiya Illinois, auta Iowa, ga hanyar ƙaura ta fito har da shekarun da aka tashi. Ta 1880 ta ƙara da inda aka haifi uwa da uba. Ta 1890 kuwa gobarar 1921 a Washington ta ci kusan duka, don haka akwai giɓin shekara 20 daidai lokacin da ake cika filayen yamma, kuma ba kamfanin da zai cike maka shi ko nawa ka biya. Ga iyalan baƙaƙen fata, irin waɗanda suka kafa garin Nicodemus a Kansas a 1877, sai a ƙidayar 1870 sunayen waɗanda aka bautar suka fara fitowa.

Idan za ka kashe kuɗi, ka kashe su a kan takardun fili. Wata dokar Amurka ta 1862 ta ba mutum eka 160 idan ya zauna a kai shekara 5, ya gina gida, ya yi noma. Ba sai an faɗa ba, ƙasar da ake rabawa ta 'yan asalin wurin ce da aka tasa. Shafin hukumar filaye ta tarayya, wanda ake kira GLO, zai nuna maka takardar mallaka kyauta, da lambar fili da ofishin da ya bayar. Da waɗannan bayanai za ka nemi cikakken fayil daga Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Washington, a biya kuɗin kwafi sau ɗaya, ya zama naka. A ciki akwai rantsuwar mai fili da ta shaidu biyu, yawanci maƙwabta ko surukai: faɗin ɗakin da ya gina, ranar da iyali suka tare, eka nawa aka nome. Wanda aka haifa a waje sai ya haɗa da takardar zama ɗan ƙasa, tsohon sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka kuma da takardar sallama, domin ana rage masa shekarun zama. Fayilolin Oregon na wata dokar rabon fili ta 1850 sun fi ma daɗi, suna faɗin inda aka haifi mutum, ranar aurensa da lokacin da ya iso. Sai dai GLO bai shafi tsoffin jihohin gabas ba, haka Kentucky, Tennessee da Texas.

Ancestry shi ne babba a cikin masu karɓar kuɗi, bincikensa da sauri kuma jerin sunayensa da yawa. Shawarata ka tara tambayoyinka, ka biya wata ɗaya, ka sauke kowane hoto, ka kashe sabuntawar da ke cirar kuɗi da kanta, domin ranar da biyan ya ƙare hotunan takardun shafin da ka liƙa a bishiyarka sun rufe. Ɗakunan karatu da yawa a Amurka ma suna ba da shi kyauta. Fold3 na takardun soja ne, sai in akwai soja a gidan. MyHeritage ya fi amfani idan ka riga ka tsallaka Turai, Findmypast kuma Ingila da Ireland. Newspapers.com kada ka taɓa shi sai ka duba tsoffin jaridun da Laburaren Majalisar Amurka ya zuba kyauta. Gwajin DNA zai haɗa ka da 'yan uwa masu rai, ba zai gaya maka shekarar da aka bar Missouri ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Wani da ke tallar kansa a intanet a matsayin mai binciken nasaba ya karɓi kuɗin dangin matata, ya kawo mana littafi mai bango mai kyau, zuriya goma reras har zuwa wani basarake a Ingila. Da na nemi ganin takarda ɗaya da ta haɗa mutumin Missouri da wanda ya ce ubansa ne a Virginia, sai ya daina ɗaga waya. Bishiyoyin mutane ya kwafo ya buga. Mutum biyu masu suna ɗaya ya narkar suka zama ɗaya, har wata mata ta haihu bayan an binne ta da shekara shida.

Wannan sana'a tsohuwa ce. Gustave Anjou, haifaffen Sweden da ya rasu a 1942, ya yi shekaru yana sayar wa attajiran Amurka salsala a kan dubban daloli, yana cakuɗa takardun gaskiya da waɗanda ya ƙirƙira. Aikin maroƙi ne sak, wanda ya ba shi kuɗi ya zama jikan sarki. An fallasa iyalai sama da ɗari da ya yi wa haka, amma ƙaryarsa ta riga ta shiga littattafai, daga can ta shiga intanet, yau mutum dubu sun kwafa. Ganin abu a bishiya ɗari ba hujja ba ce, wataƙila duk daga bakin mutum ɗaya suka sha.

Haka masu sayar da "tambarin gidanku" a kan faranti ko riga: a Ingila mutum ɗaya ake ba tambari, ba duk mai irin sunan ba. Haka masu buga littafin tarihin sunan kowane gida, wanda in ka buɗe ba komai sai adireshin da aka kwaso daga littafin tarho. Wanda ya ce yana da cikakken jerin waɗanda suka bi hanyar Oregon shi ma ka kama aljihunka. Tafiyar ta haura kilomita 3,000 daga Independence a Missouri, kuma ba hukumar da ke rubuta sunan masu fita kamar yadda ake yi wa jirgin ruwa. Abin da ke akwai guntaye ne daga littattafan matafiya, jaridu da sunayen da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Sabon salo kuma shi ne rahoton da aka sa manhajar kwamfuta ta tsara, Turanci tsaf, da lambar littafi da shafi na kotun da ba ta taɓa samun wannan littafi ba. Ka ɗauki madogara ɗaya ka neme ta a kundin FamilySearch kafin ka biya cikon kuɗi.

In dole sai ka ɗauki mai bincike, misali inda kotun gunduma ta ƙone ko aka sauya iyakarta takardun suka koma wani gari, akwai hukumar tantance masu wannan aiki a Amurka tun 1964, ana kiranta BCG, kuma jerin waɗanda ta amince da su yana shafinta. Ku yi yarjejeniya a rubuce kan awa nawa zai yi, ba kan zuriya nawa zai kawo ba. Ka ba shi tambaya guda, kamar wane ne uban wane da ya sayi fili a gunduma kaza a 1846, kuma ka sa sharaɗin ya miƙo hoton kowace takarda tare da jerin wuraren da ya duba bai sami komai ba.