Polar H10: ɗamarar auna bugun zuciya, shin tana da amfani ga ɗan kokowa kafin karo?

Duk wanda ya zauna kusa da ƴan kokowa a filin Yacouba Ango Kantu na Maraɗi kafin a kira suna ya san alamun: baki ya bushe, hannu na rawa, fitsari kowane minti goma, gaba na dukan uku-uku. Adirenalin ne, sinadarin da wasu ƙananan sassan jiki biyu da ke bisa ƙoda suke zubawa cikin jini in jiki ya hangi karo. Amfaninsa babba ne, shi ke kawo zafin nama da ƙarfin kamu. Matsalar ita ce ya taso da wuri. Wanda jikinsa ya ɗau zafi tun awa biyu kafin a shiga fili, zai shiga da gwiwa a sake, kuma cikin minti na biyu hannuwansa sun yi nauyi.

Polar H10 ɗamara ce ta ƙirji da wani kamfanin ƙasar Finlan ya fitar a 2017. Kashi biyu ce: ɗamara mai talewa wadda ke da faifan roba masu jin lantarkin zuciya ta ciki, da ɗan akwati da ake maƙalawa da maɓalli biyu a tsakiyar ƙirji. Pil ɗinta CR2025 ne, irin faffaɗan nan na agogo, kuma kamfanin ya ce yana kai awa 400. Tana aika lamba, wato yawan bugun zuciya a minti ɗaya, zuwa salula ta Bluetooth, har salula biyu a lokaci ɗaya, wato mai horarwa na iya kallo daga gefe. Ruwa ba ya ɓata ta.

Mu faɗi hukuncinmu tun yanzu: na'ura ce mai gaskiya, amma ba ta kwantar da hankalin kowa. Aikinta ta nuna wa mutum da idonsa cewa numfashinsa na iya saukar da zuciyarsa. Wannan darasin ake saye, kuma a makonnin atisaye ake koyonsa, ba ranar karo ba.

Inda ta fi agogon hannu, ta fi shi nesa. Agogo da koren haske yake leƙa jini ta fata, don haka in an damƙe hannu, ko ana girgiza shi, ko gumi ya shiga ƙarƙashi, sai lambar ta rikice, kuma takan makara in bugun ya canza farat ɗaya. Ɗamarar ƙirji lantarkin zuciya take ji kai tsaye. In mutum zaune yake aka ce masa ga abokin karonka, cikin daƙiƙoƙi kaɗan za a ga lambar ta haura alhali bai motsa ba.

Ga yadda ya kamata a yi aiki da ita. A fara da sanin lambar mutum ta hutu: safiya biyar a jere, kwance, minti uku, kafin shayi. Ga yawancin manya tana tsakanin 60 da 100, ɗan wasa mai atisaye sosai kuwa yakan sauka 50 ko ƙasa. Daga nan a shirya karon gwaji mai kama da na gaske. A sanar da wa zai kama wa minti goma kafin lokaci, a tara ƴan kallo, in da makaɗi ya zo da gangarsa, domin kiɗa da kirari su ne ke tayar da tsikar jiki, ba kamun kansa ba. Cikin wannan jiran sai ɗan wasa ya zauna ya yi numfashi: ya ja ta hanci yana ƙirga huɗu, ciki ne ke kumbura ba kafaɗa ba, ya saki ta baki a hankali yana ƙirga shida. Numfashi shida ke nan a minti ɗaya. Ya yi minti uku zuwa biyar. Dalilin tsawaita fitar iska shi ne a lokacin ne jijiyar da ke taka wa zuciya birki take aiki, kuma a salula za a ga lambar tana ɗan hawa in an ja, tana sauka in an saki. Wanda ya ga haka sau da yawa ba ya bukatar a sake lallashinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuƙar iska da ƙarfi da sauri, wai don a cika huhu. Wannan yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu su riƙa tsirawa, mutum ya ƙara tsorata. Na biyu, riƙe numfashi tsawon lokaci ga wanda gabansa ya riga ya faɗi. A bar wannan sai ya saba. Na uku, neman komawa lambar safiya. Ba barci za a je ba. Abin da ake so shi ne lambar ta daina hawa, ta sauko kaɗan ta tsaya, hannu ya daina rawa.

Wurin ɗumama jiki ma tana da rana. Minti 15 zuwa 20 har gumi ya keto, a ciki a saka kamu mai zafi sau biyu ko uku na daƙiƙa 20 zuwa 30, a gama kamar minti goma kafin kira. Wanda ya yi haka, hakin farko ya riga ya wuce shi a bayan fili. Ɗamarar ce ke tona asirin mai ɗumin ƙarya, wanda ya ɗan karkaɗa kafaɗa ya ce ya shirya. Ƙa'idar nan ta cire shekaru daga 220 don sanin iyakar bugu kuwa kintace ce kawai, mutum biyu sa'o'in juna na iya bambanta da yawa.

Tana kuma kawo ƙarshen gardamar shayi. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da Nescafé da goro yana kai ƙololuwa cikin jini wajen minti 30 zuwa 60, kuma bayan awa biyar rabinsa na nan. A gwada mai saurin firgita ranar da ya sha kofin farko mai ɗaci na fada da ranar da bai sha ba, a bar lamba ta yi magana. Tramol dai babu zancensa: yana dushe hankali, yana iya jawo farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024.

Sai aibunta. Faifan roban sai da danshi suke aiki, ga shi lokacin hunturu fata a bushe take, kuma a lokacin ne aka fi shirin gasar takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar. In ba a jiƙa su da ruwa ba, lambar za ta yi tsalle zuwa 200 ko ta ɓace. Man shafawa a ƙirji yana toshe su, rigar leda mai goga ma takan rikita su. A haɗa ta da salula ta cikin manhajar Polar, ba ta saitin Bluetooth na salular ba, nan ne mutane da yawa ke maƙalewa. Ba a shiga kamu na gaske da ita: akwatin zai ɓalle ko ya ƙuje ƙirji, ga yashi. A dambe ko takwando ma duka ɗaya a tsakiyar ƙirji ya isa. Masu faɗin ƙirji su auna ƙarƙashin nono da igiyar tela kafin saye, don ɗamarar M zuwa XXL ba kowa take zagayewa ba, ta XXXL kuma daban ake sayar da ita.

Aibu mafi girma ba na na'urar ba ne. Akwai yaron da in ya ga 130 a salula ranar karo, sai cikinsa ya ɗuri ruwa, lambar ta koma 145. Irin wannan a juya masa salula, mai horarwa kaɗai ya duba, ranar gasa kuma a cire ɗamarar da zarar an gama ɗumi. In kuwa ana zaune lafiya bugun yana tsallake-tsallake, ko akwai ciwon ƙirji ko suma, a dakatar da atisaye a je asibiti a yi awon zuciya.

Tsadarta ba ta ɗan wasa ɗaya ba ce. Guda ɗaya ta ishi ƙungiya, a riƙa karɓa-karɓa, in da hali a ƙara ɗamara ta biyu saboda gumi. Bayan kowane aiki a ɓalle akwatin, in ba haka ba pil zai ci gaba da zuƙewa, a ɗauraye ɗamarar da ruwa a shanya a inuwa. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin, yatsu biyu a gefen wuya, a ƙirga daƙiƙa 15 a ninka huɗu, zai ba da kusan abin da ake nema ga wanda ke zaune; abin da za ta rasa shi ne ganin hawa da saukar nan ta kowane numfashi.