Ledar dabinon da aka biyo ni da ita a dajin Jasmund

Yaya, kin ce in ba ku labarin wurin da na turo hotonsa ranar Asabar. To ga shi, amma haɗe da abin kunyar da ya same ni a can, don har yau bai bar raina ba.

Sunan wurin Jasmund, a tsibirin Rugen, arewacin Jamus, bakin tekun Baltik. Duk cikin gandun dajin ƙasa da suke da su shi ne ƙarami, tun 1990 aka killace shi. Daga garin Sassnitz ake kama hanyar ƙafa, a bi ta kan tudu wajen kilomita 8 kafin a kai dutsen da suke kira Kujerar Sarki. Dutsen alli ne fari fat, irin allinmu na firamare, tsayinsa mita 118. Dama teku, hagu dogayen itatuwa masu santsin jiki sun rufe sama ruf.

Ina tafe ina cin dabino. Da ya ƙare na duba ban ga kwandon shara ba, na saki ledar a gindin bishiya na wuce, ko a jikina. Ban yi nisa ba na ji ana kira. Wata tsohuwa ce sa'ar Hajiya, riƙe da sanduna biyu, tana haki. Ta miƙo min ledar ta ce, "Kayanka ya faɗi." Ta san ba faɗuwa ya yi ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tsaya tana kallona har na cusa ledar a aljihu. Wallahi Yaya, cikin wannan sanyin gumi ya karyo min. Ni kaɗai ne baƙar fata a wurin, ga hula a kaina, sai na ji kamar duk mutanenmu na jawo wa.

Daga nan idona bai bar ƙasa ba, ina neman shara ko guda don in samu sauƙi a raina. Babu, kuma ban ga mai shara ba. Abin da na gani manyan itatuwa ne da suka faɗi, aka bar su da gangan suna ruɓewa, ƙwari da naman kaza na rayuwa a jikinsu. Ko reshe ba a ɗauka. Shi ya sa UNESCO ta sa tsoffin itatuwan cikin kayan tarihin duniya a 2011. Da a wajenmu ne, kafin la'asar an faskare su.

Ban ga laifin matar da kuɗin gas ya fi ƙarfinta ta koma gawayi ba. Amma ledar fiya wata da ta cika bakin Kogin Kaduna wajen Gamji fa, ita ma talauci ne? Dajin Kamuku na Birnin Gwari ya ninka wannan fiye da sau talatin, yau wa zai ɗauki iyalinsa ya je? Nan kuwa na ga mace ita kaɗai da jariri a tsakiyar daji, hankalinta kwance. Mun girma a Kaduna ban taɓa zuwa kallon ruwan da ke zubowa daga dutse a Matsirga, wajen Kafanchan, ba, sai ga ni a dajin wasu.

Su ma ba a rasa su da abin haushi. Banɗaki sai ka biya, kuma babu buta. Da ruwan gorata na yi alwala, na yi azahar a bayan bishiya ana wucewa ana kallona. Shayinsu ruwan zafi ne da ganye, ga tsada, na yi ta tuna mai shayin bakin layinmu da kaurinsa.

Ledar kuwa tana aljihuna har na koma tashar jirgin Sassnitz, can na samu inda zan jefa ta. Ki gaida Hajiya, kuma don Allah ki sa yara su kwashe ledojin kwatar ƙofar gida kafin ruwa ya sauka.